Amsar Da Ta Tsare Ɗan Arewa A Bakin Ƙofa

Akwai wata amsa guda ɗaya wadda ta daɗe tana cutar 'yan Arewa mazauna Kurmi, kuma su da bakinsu suke bayar da ita. Saurayi zai taso daga Agege ko Idi-Araba tun da asuba, ya sha turmutsutsun mota, ya isa wani kamfani a Ikeja ko Apapa, ya taki sa'a har a shigar da shi gaban manaja. A tambaye shi, "Wane aiki ka iya?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, kowane irin aiki." To, daga nan magana ta ƙare. Manaja ba boka ba ne, bai san abin da ke cikin kan mutum ba, saboda haka sai ya duba inda ake ajiye wanda bai faɗi sana'arsa ba, watau bakin ƙofa, ya ce a ba shi kulki da tocila. Alhali kuwa mai yiwuwa ne wannan saurayi ya yi shekara bakwai a Panteka ta Kaduna yana walda, yana iya ƙera injin niƙa daga tarkacen ƙarfe, amma duk wannan ya bar shi a ciki, ya fita da shi kamar yadda ya shiga da shi.

Gadi ba abin kunya ba ne. Sana'a ce ta halal, da ita dubban magidanta suka ciyar da iyali, suka aurar da 'ya'ya, suka sauke farali. Abin takaici shi ne a ce makeri da direba da mahaddaci da mai lissafin goro duk an zuba su a kwando ɗaya, an kira su da suna ɗaya, "Aboki", an ba su benci ɗaya. Tun 1863, lokacin da Kyaftin Glover ya tara Hausawa a Ikko ya ba su bindiga suka zama 'yan sandansa, mutumin Arewa ya yi suna a bakin teku da amana da jarumta. Sunan kirki ne, amma an mayar da shi shinge, har ya zama idan an ga mai doguwar riga da hula a ofis ba a tunanin komai sai tsaron ƙofa. Shi kuma mai rigar, maimakon ya rushe shingen da bakinsa, sai ya ƙara masa ƙaya.

Maganar ta fi zafi a yanzu saboda hanyoyin da aka saba rufa asiri da su suna ta toshewa. A watan Fabrairu na 2020 gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaba a manyan sassan birnin. Ran 1 ga Yuni 2022 ta sake ƙarfafa hanin a ƙananan hukumomi shida, cikinsu har da Ikeja da Apapa da Surulere da Eti-Osa, sa'an nan a watan Satumba na wannan shekara ta ƙara wasu huɗu. Kowa ya san su wane ne suka fi yawa a kan waɗannan babura. A daidai wannan lokaci kuma aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki a farkon 2023, aka ƙaddamar da matatar mai ta Ɗangote a watan Mayu na 2023, ga gine-gine suna ta tashi daga Ajah har Epe. Irin waɗannan wurare suna buƙatar masu walda, da masu wutar lantarki, da direbobin manyan motoci, da masu kula da sito. Amma ƙofarsu ɗaya ce: a rubuta takardar neman aiki, a zauna gaban masu tambaya, a faɗi abin da aka iya. Wanda bai iya shiga ta wannan ƙofa ba, to, sai ya tsare ta ga masu shiga.

Mai laifi na farko a wannan al'amari wata gurguwar fahimta ce da aka yi wa karin maganar nan mai cewa yabon kai jahilci ne. Gaskiya ne tarbiyyar Bahaushe ta ginu a kan kunya da kawaici. Yaro ba ya kallon idon babba, ba ya cika baki a gaban magabata, idan an yabe shi sai ya ce ikon Allah ne. Wannan ado ne a zaure da gaban surukai. Amma wanda ya kai raguna kasuwar Kara ya tsaya yana kawaici, aka tambaye shi kuɗinsu ya ce duk abin da aka bayar, ba wanda zai kira shi mai tarbiyya, sakarai za a kira shi. Ɗakin intabiyu kasuwa ne, hajar da ake ciniki kuwa ita ce hannun mutum da ƙwaƙwalwarsa. Me ya sa Bahaushen da ya gagari kowa wajen cinikin albasa a Mil 12 zai zama bebe ranar da ake cinikin ƙarfinsa?

Masu fakewa da addini su ce faɗin gwaninta girman kai ne, sai su koma su buɗe Suratu Yusuf, aya ta 55. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bai jira an roƙe shi ba. Shi da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, kuma ya ambaci dalilai biyu da suka sa ya cancanta: iya tsare dukiya da sanin aikin. Ya faɗi aikin da yake so da sunansa, ya faɗi abin da ya iya, bai ƙara ba, bai rage ba. A cikin Suratul Ƙasas kuma, da aka zo ɗaukar Annabi Musa aiki a Madyana, abin da aka duba shi ne ƙarfi da amana, kuma an gan su ne a aikace, a bakin rijiya. Haka nan ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa koye shi cikin kamar rabin wata, ya zama mai karanta masa wasiƙu da rubuta amsarsu. Saurin koyonsa ne ya ba shi wannan matsayi. Ashe abin da addini ya hana shi ne ƙarya da alfahari. Ɓoye baiwar da Allah ya yi wa mutum, iyalinsa suna kwana da yunwa, wannan ba tawali'u ba ne, butulci ne ga ni'ima.

A dubi irin dukiyar da ake ɓoyewa. Mutumin da ya haddace izu 60, surori 114, ayoyi fiye da 6,000, wani ma har ya zauna ya rubuta su da ka bai duba littafi ba, shi ne za a tambaya ko ya yi makaranta ya ce a'a. Ta yaya za a ce wanda ya riƙe wannan a ƙwaƙwalwa zai kasa riƙe lambobin kayan sito? Yaron da ya sauka a Sabon Badun bai san ko gaisuwa da Yarabanci ba, kafin shekara ta zagayo yana ciniki da shi, yana faɗa da shi, ga Turancin buroka, ga Hausa, wani ga Fulatanci ko Barbarci ko Zabarmanci, shi ne idan an ce ya faɗi abin da ya iya sai ya yi shiru. Kamfanin da ke sayar da kaya daga Ikko zuwa Kano da Maraɗi yana kashe kuɗi don ya sami mai harshe huɗu, ga shi kuwa zaune a ƙofarsa yana gyangyaɗi. Yaron shago a Bodija wanda ke riƙe bashin mahauta ashirin, ya san na kowa har kwabo, aikin akawu yake yi, shi ne dai bai san sunansa ba.

Tarihin Sabo kansa hujja ne. Tun da aka kafa Sabon Badun a 1916, fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kurmi yana tafiya ne a kan bashi da amana, a hannun masu gida da dillalai da malaman lissafinsu, ana juya dukiya mai yawa ba banki, ba lauya. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, allo ya karanta a Bebeji, ya koyi fatauci a hanyar Gwanja, ya gane cewa a ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko ya fi a biyo da shi ta ƙasa, har kamfanonin Turawa suka nemi ya zama wakilinsu na sayen gyaɗa. Jikokin waɗannan mutane ba su da dalilin shiga ofis kamar masu bara.

Mai laifi na biyu shi ne bautar takarda da ta kama ma'aikatun ƙasar nan. An mai da satifiket gunki. Kamfani zai nemi mai ɗaure famfo ya ce sai mai takardar sakandare da kiredit biyar, sa'an nan ya ɗauki wanda bai taɓa riƙe sifana ba, ya bar wanda ya yi shekara goma yana aikin. Wannan bauta ita ta haifi kasuwar takardun jabu, ita ta cika ofisoshi da masu kwali ba aiki. Manajan da ya ji lafazin mutum ya yanke masa hukunci tun bai gwada hannunsa ba ya zalunci mai neman aiki, ya kuma cuci kamfaninsa. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so a sashe na 41, ya kuma hana hukuma nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko addininsa a sashe na 42. Ɗan Arewa a Fatakwal ko Anacha ba baƙon kowa ba ne.

Amma fa a yi adalci. Mai kamfani da ya sami takardu ɗari biyar a kan gurbi uku tilas ya sami abin da zai tace su da shi, kuma ba laifinsa ba ne idan gwamnatocin Arewa sun bar makarantun koyon sana'a sun zama kufai, sun bar miliyoyin yara suna yawo da kwano. An yi Yaƙi da Jahilci tun shekarun 1950, an yi shirin ilmin firamare kyauta a 1976, har yanzu ga inda ake. Zagin manaja a majalisar mai shayi ba ya ba kowa aiki. Tun da takarda ake nema, sai a nemo ta, ta gaskiya, domin hanyoyinta suna nan a buɗe, rashin sani ne ya rufe su.

Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na uku, a hau na biyu, a ƙare a na ɗaya. An yi ta ne domin kafinta da magini da makanike da mai walda da mai wutar lantarki waɗanda suka koyi aiki a hannun ubangida, kuma ma'aikatar tana da ofis a jihohi. Hukumar NABTEB mai hedkwata a Binin tana shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci. Hukumar NBTE ta Kaduna, wadda aka kafa a 1977, tana da tsarin auna gwanintar da mutum ya samu a wajen aji a ba shi shaida a kanta. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 da hedkwata a Jos, yana da cibiyoyin koyar da sana'a, cikinsu har da ta Ikeja. Ɗaliban Arabiyya da Islamiyya suna da hukumar NBAIS wadda takardarta ke tsayawa a matsayin ta gama sakandare. Direban da ya yi shekara goma sha biyar yana jan tirela daga Apapa zuwa Maiduguri da lasisin aro, ranar da babban kamfani ya buɗe ɗaukar direbobi, yaron da ya koya wa tuƙi zai shiga ya bar shi a waje. Kuɗin da ake kashewa a sabuwar waya ko shaddar salla ya isa a fara bin waɗannan takardu.

Sai kuma ranar ganawar kanta. Mai neman aiki ya san sunan aikin da ya zo nema, ya faɗe shi da bakinsa. Ya yi magana da ƙidaya, domin ƙidaya ita ce harshen ofis. Wanda ya ce "na daɗe ina walda" bai faɗi komai ba. Wanda ya ce ya yi shekara shida a gareji kaza a ƙarƙashin wane, yana walda ta lantarki da ta gas, ya ƙera ƙofofi da tankunan ruwa, akwai yara uku da ke koyo a hannunsa, wannan ya ba manaja abin rubutawa. Wayar da ke aljihunsa tana ɗaukar hoto, sai ya ɗauki ayyukan da ya yi ya nuna, gama gani ya kori ji. Ya tafi da lambar wayar tsohon ubangidansa, bayan ya nemi izninsa, da katin shaidar ɗan ƙasa, da takarda guda ɗaya tsaf mai ɗauke da sunansa da sana'arsa da wuraren da ya yi aiki da harsunan da yake ji. Karatun allo a rubuta shi a wurin ilmi, da shekarunsa da inda aka kai, domin ilmi ne.

Inda aka fi faɗuwa shi ne idan an tambayi mutum abin da bai sani ba. Wani sai ya ruɗe ya ce ya iya, a kai shi gaban inji ya tsaya yana zufa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Wani ya ce bai iya ba ya yi gum, kamar an yanke masa hukunci. Duka biyu sun yi asara. Amsar mai hankali ita ce ya ce bai taɓa aiki da wannan inji ba, amma ya yi da mai kama da shi, kuma lokacin da ya fara gyaran janareta mako kaza ya ɗauke shi kafin ya kama, saboda haka a ba shi mako biyu a gwada shi. Kowane mai kamfani ya san injin yau ba shi ne na gobe ba. Babur ya koma keke mai ƙafa uku, janareta yana komawa hasken rana, littafin sito ya koma kwamfuta. Ma'aikacin da ya fi tsada shi ne mai saurin kama sabon abu, amma ba a yarda da wannan da fatar baki, sai an kawo misali na abin da aka taɓa koya, da tsawon lokacin da aka ɗauka, da amfanin da ya haifar. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wanda ya nemi a gwada shi da kansa ya riga ya ci rabin jarrabawa.

Akwai kuma ɗabi'un da suke ladabi a Katsina amma a Ikoyi ana yi musu wata fassara. Durƙuso a gaban tebur, da kallon ƙasa, da amsa kowace tambaya da "to", duk manajan da bai san Arewa ba zai ɗauka rashin sanin aiki ne ko rashin gaskiya. A gaisa da mutunci, a zauna inda aka nuna, a ɗaga kai, a ɗaga murya yadda za a ji. Turanci idan ya gagara a yi buroka, ba wanda ya taɓa ɗaure kusa da nahawu. A zo kafin lokaci, domin wanda ya makara ranar neman aiki ya riga ya ba da shaida a kan kansa. Kafin a tashi kuma a tambayi albashi da awannin aiki da ranar hutu. Tun watan Yuli na 2024 doka ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ga ma'aikatun da ke da ma'aikata 25 ko fiye, kuma sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce. Wanda ya ji kunyar tambaya a ranar farko, zai sha kuka a ƙarshen wata.

Mai laifi na uku su ne dillalan aiki, waɗanda suke cin abinci da wannan shiru. Tun da saurayi ba zai iya magana da kansa ba, sai wani ya shiga tsakani, ya karɓi albashin wata biyu na farko, wani ma ya riƙa yankar rabi kowane wata har abada, alhali doka ta ce ba mai yin dillancin ma'aikata sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago. Sama da su akwai masu sayar da guraben aikin gwamnati, waɗanda suke sa uba ya sayar da gona don takardar ɗaukar aiki da za ta fito jabu. Ba a manta da 15 ga Maris 2014 ba, ranar da dubban matasa da suka biya naira 1,000 kowanne suka cika filayen wasa don neman aikin Hukumar Shige da Fice, aka yi turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna da Binin, mutane fiye da 10 suka rasa rayukansu. Wannan shi ne ƙarshen ƙasar da neman aiki ya koma caca. Zuwa da kai ya fi aike, kuma wanda ya iya bayanin kansa ya rage wa ɗan kamasho kasuwa.

Masu digiri ma ba su kuɓuta ba. Da yawansu sun ɗauki tsarin rabon gurabe tsakanin jihohi, wanda ya shiga tsarin mulki a 1979 aka kafa masa hukuma a 1996, sun mai da shi sandar dogarawa. Sai a ga matashi ya gama bautar ƙasa a Ikko, ya kwafi takardar tarihin aikin abokinsa ya canja suna kawai, ya zauna jiran wasiƙa daga Sanata. Wannan tsari ma'aikatun gwamnati ya ɗaure. Banki da kamfanin waya da masana'anta ba ruwansu da jiharka, abin da suke tambaya shi ne me aka yi da hannu, me aka koya bayan barin jami'a. 'Yan mata kuma, waɗanda kunya ta fi ɗaure wa harshe, nasu ya fi muni: an yi karatun jinya ko malanta da wahala, a zo gaban masu tambaya murya ta maƙale. Iyayen da suka biya kuɗin makaranta su ƙarasa ladansu, su koya musu cewa amsa tambaya da ƙarfin zuciya ba fitsara ba ce.

Gyaran yana hannun shugabannin zango. Sarakunan Hausawa na Agege da Shagamu da Abekuta, da na Ama Hausa a Owerri da Bogobiri a Kalaba, sun san kowane baƙo da ya sauka. Mene ne zai hana kowace fada ta buɗe littafi, a rubuta sunan kowane saurayi da sana'arsa, domin idan ɗan kwangila ya zo neman masu walda goma a ɗauko su da suna? Limamai da suke jan hankali a kan tsawon wando su ware huɗuba ɗaya a kan Annabi Yusuf da neman aiki. Ofisoshin jam'iyya na unguwanni, waɗanda ba a share su sai zaɓe ya ƙarato, su buɗe ƙofa kowace Asabar, 'yan boko na unguwa su zauna su rubuta wa 'yan'uwansu takardun neman aiki kyauta, su yi musu gwajin tambaya da amsa har bakinsu ya saba. Attajiran canji da masu motocin haya su ɗauki nauyin jarrabawar gwajin sana'a ta yara goma goma kowace shekara. Ɗan siyasar da ya san hanyar Sabo ranar neman ƙuri'a, ya raba atamfa da taliya, a tambaye shi samari nawa ya kai aka gwada aka ba su takarda.

Shi kuma saurayin da zai tashi gobe da asuba ya nufi Ikeja, ya kwana da shirinsa. Ya lissafa abin da ya iya da yatsunsa, ya haddace shi kamar yadda ya haddace allonsa, ya sa takardunsa a leda saboda ruwan Ikko. Idan manaja ya ce, "Wane aiki ka iya?" ya dube shi ya faɗi sunan sana'arsa, da shekarun da ya yi a cikinta, ya ce a kawo ƙarfe a gani. Allah ya ba mai nema sa'a, ya kuma raba talaka da ɗan kamasho.